Amsa ga Alhaji kan buga golf a St Andrews

Wa alaikumus salam Alhaji. Na ga tambayarka tun jiya: za ka je Edinbura bikin kammala karatun ɗiyarka a watan Yuli, kana da kwana huɗu a hannu, kana son sanin ko baƙo zai iya buga Old Course, tsohon filin golf na garin St Andrews a Scotland, kuma ko abin ya kai kuɗinsa. Allah ya sanya albarka a karatun. Na ga wasu sun ce maka sai kana da wani babba a can. Ba haka ba ne, ni na buga shi, kuma ban san kowa a garin ba.

Filin na jama'a ne. Ginin dutsen nan da kake gani a talabijin bayan wurin bugun farko na kulob ɗin golf na Royal and Ancient (R&A) ne, wadda aka kafa a 1754, shi kam ba za ka shiga ba. Amma filin kansa yana hannun hukumar St Andrews Links Trust, kuma tun 1552 akwai takardar da ta tabbatar wa mutanen gari haƙƙin wasa a wurin. Wahalar ita ce samun gurbi. Tunda lokacin neman gurbi tun da wuri ya wuce ka, ƙuri'a ce hanyarka. Ana saka suna ta intanet kwana biyu kafin ranar wasa, kafin ƙarfe biyu na rana, kuma sai kun kai mutum biyu. In kai kaɗai ne, akwai wata ƙuri'ar ta daban: ka je da ƙafarka ana gobe ka yi rajista, su haɗa ka da waɗanda ba su cika huɗu ba. A da mutane kwana suke yi a layi cikin sanyi, an daina wannan a 2024. Ni da abokin tafiyata sau biyu muna faɗuwa, a na uku aka kira mu. Rabon kwaɗo dai ba ya hawa sama.

Abu biyu kada ka manta. Suna neman shaidar handikaf, wato lambar da ke nuna matakin iya wasanka, kada ya wuce 36, don haka ka ga sakataren kulob ɗinku tun kafin ka tashi. Sannan ba a buga Old Course ranar Lahadi, ka lissafa kwanakinka da wannan. Kuɗin wasa a wannan lokacin na shekara ya haura fam 300, ban da na kadi, wato mai ɗaukar maka jakar sanduna yana ba ka shawara.

Zuwa ba wuya. Jirgin ƙasa daga Edinbura zuwa tashar Leuchars kamar awa ɗaya ne, daga nan bas ko tasi, 'yan mintoci ka isa.

To, ya kai kuɗinsa? Gaskiya da na tsaya a wurin bugun farko sai da na ce a raina, wai shi ke nan? Fili ne shimfiɗaɗɗe, babu bishiya, faɗinsa ya fi yadi 100 saboda rami na 1 da na 18 hanya guda suke bi, har da wani ɗan titi da ya ratsa tsakiya mutane na wucewa da karnuka. Amma da aka kira sunana, 'yan yawon buɗe ido sun jingina da farin shinge suna kallo, sai na ji tafin hannuna ya jiƙe. Daga rami na biyu ne filin ya fara nuna halinsa. Ramukan yashi 112 ne, kuma da yawansu ba ka ganinsu daga inda kake bugu. Ka yi bugun da kake jin ya yi kyau, ka je ka tarar ƙwallonka na kwance a gindin bango mai tsayin mutum.

Shi ya sa nake cewa in za ka rage kuɗi a wani wuri, kada ka rage a kadi. Da ɗan gari akan ci gari. Nawa wani dattijo ne mai ƙarancin magana, abin da ya fi maimaitawa shi ne in riƙa bin hagu, domin haɗarin yana dama, kuma in daina ɗaga ƙwallo sama. Iskar teku ba ta da wasa, ƙasar kuma tauri gare ta. A nan ne na ga amfanin koyon wasa a Arewa: mu da muka saba da busasshiyar ƙasa da iskar hunturu mun san yadda ake sakin ƙwallo ya gangara da kansa. Akwai inda ya miƙo mini sandar turawa ina yadi talatin daga girin, wato lallausar ciyawar da ramin da tutarsa suke, na kalle shi, ya kalle ni. Na tura, ƙwallon ya hau tudu ya sauka ya tsaya kusa da tuta.

Girin ɗin ma abin kallo ne. Bakwai daga ciki ramuka biyu ne ke raba su, kuma lambobin kullum suna haɗa 18: na 2 da na 16, na 3 da na 15, haka dai. Sai ka hau girin kana murna, ashe tutar wasu ce kusa da kai, taka tana can nesa.

Inda na ƙi jin magana shi ne rami na 17. Bugun farko sai ka tsallaka da ƙwallo ta saman kusurwar ginin otal, ba ka ganin inda zai sauka. Tsoro ya sa na karkata hagu na shiga ciyawa. A bugu na gaba dattijon ya ce in ajiye shi gaban girin ta dama in haƙura. Ni kuwa na ce na zo tun daga Najeriya, ba zan yi wasan tsoro ba. Kai tsaye cikin ƙaramin ramin yashin nan na gefen hagu. Bugu biyu yashi kawai nake watsa wa kaina, a na uku na juya baya na fita ta inda na fito. Bai ce mini uffan ba, sai da muka kama hanya ya ce a 1978 Tommy Nakajima bugu huɗu ya yi kafin ya fita daga wannan ramin, a babbar gasar golf ta Open. Ban sani ba ko lallashi ne ko zolaya. Tiger Woods kuwa da ya ci gasar a nan a 2000, kwana huɗu bai taka ramin yashi ko ɗaya ba.

Da ƙafa ake zagayen, sama da awa huɗu, ka tanadi takalmin da ka saba da shi da rigar ruwa, ko da ka ga rana ta fito. Yulinsu ya fi Disambar Jos sanyi in iska ta taso. Rana kuma ba ta faɗuwa sai wajen ƙarfe goma na dare, ka duba lokutan salla na garin.

In ƙuri'a ba ta faɗo kanka ba, ka buga New Course da ke maƙwabtaka da shi. Sunan ne kawai sabo, tun 1895 yake, ƙasar iri ɗaya, iskar ita ce dai, kuma ya fi sauƙin samu da araha. Ranar Lahadi kuma ka kwashi Hajiya da mai digiri ku je ku taka Old Course kyauta, ranar ce ake barin kowa ya yi yawo a ciki. Ku ɗauki hoto a kan gadar Swilcan, 'yar gadar dutsen da ke hanyar rami na 18, amma ku je da sassafe, in hantsi ya yi layi ake bi.