Mu a Zango ba ma barin mutum shi kaɗai a caji ofis

Ɗana,

Saƙonka daga Kano ya same ni bayan isha'i, na kuma karanta shi sau biyu. Ka ce an tare abokinka yana dawowa daga kasuwa, aka bincike wayarsa, ya kwana biyu a caji ofis, sai da aka biya kuɗin beli ya fito. Ka kuma ce wani ya gaya maka mu nan Ghana mun huta, 'yan sandanmu ba sa taɓa talaka. Sannan ka tambaya me ya sa, in an kama yaro a Zango, wato unguwanninmu na Hausawa da sauran baƙi a nan, muke rugawa wurin sarki da liman maimakon lauya.

Wanda ya ba ka wannan labari ya ga wani abu na gaskiya. Za ka iya tashi daga Kumasi zuwa Accra ba wanda ya nuna maka bakin bindiga. Amma direban motar haya ya san yadda ake naɗe 'yan sidi a cikin lasisi kafin a miƙa a shinge, kamar yadda naku suka san na goro. Kuma baƙon da ya kwana uku a otal bai san abin da yaron Aboabo ko Asawase a nan Kumasi yake ji ba in an tambaye shi unguwarsu ya ce Zango. Daga wannan kalma fuskar wasu ke sauyawa. An riga an yanke masa hukunci: ɗan Zango, mai zafin kai, ɗan bangar siyasa, watakila ma ba ɗan ƙasa ba ne. Kakanninmu fataucin goro ya kawo su, an haifi ubana a nan, an haife ni a nan, amma har yau akwai ofishin da in na faɗi sunana sai a ce in kawo shaidar inda aka haifi kakana. Tsofaffinmu ba su manta da 1969 ba, lokacin da gwamnatin Busia ta ba baƙi marasa takarda mako biyu su bar ƙasar, aka kwashi mutane har da waɗanda ba su san wani gida ba sai nan. Tsoron kaki a Zango ya samo tushe daga can.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne wannan kakin mu muka fara sa shi. Turawan Ingila sun tara Hausawa a Legas ƙarƙashin Kyaftin Glover, da yawansu bayi ne da suka gudo, aka kawo su yaƙin Asante na 1873 zuwa 1874. Daga nan aka gina rundunar 'yan sandan mulkin mallaka, har ana kiranta ta Hausawa, ko da yake duk mutumin arewa mai jin harshen a Bahaushe ake lissafa shi. Mutanen ƙasa suka raɗa musu suna buga-buga. Da harshenmu aka yi sunan, saboda abin da aka ɗauke su su yi ke nan. Ba a kafa aikin don kare mai talla ko manomi ba, an kafa shi don kare Bature da hajarsa. Bature ya tafi, kulkin ya zauna, yau jikokin masu riƙe shi ne a ƙarƙashinsa.

Ka tambayi duk wani ɗan Asawase inda yake ranar 17 ga Yulin 2018, zai gaya maka. A ranar 'yan sanda suka harbe samari bakwai na Zangon Kumasi a yankin Manso Nkwanta, suka ce 'yan fashi ne da suka yi musayar wuta da su. Mutanen unguwa sun san yaran, sun san iyayensu da sana'arsu. Matasa suka fito, aka ƙona tayoyi, aka rufe hanya. Ni kaina a daren nan ban yi barci ba, don na san in aka taɓa caji ofis ɗaya, gawa bakwai za ta zama ashirin. Sarakunan Zango da limamai da ɗan majalisarmu, Muntaka Mubarak, su suka tsaya tsakanin yara da bindiga, suka kuma ƙi yarda a rufe maganar. Gwamnati ta kafa kwamiti. Kwamitin ya ce babu hujjar da ta nuna 'yan fashi ne. Aka dakatar da 'yan sanda 21, aka ba kowane gida sidi 250,000.

To, a nan amsar tambayarka take. Da iyayen yaran nan kowa ya tafi shi kaɗai, da sunan ɗan fashi za a binne ɗansa, kuma sunan zai bi ƙannensa har wurin neman aure. Abin da ya wanke su shi ne unguwa ta tashi gaba ɗaya.

Haka muke yi ko a ƙaramar magana. Bara waccan aka yi samame da dare a layinmu, aka kwashe yara da ke zaune gindin mai shayi, ciki har da ɗan maƙwabciyata, ɗan koyon ɗinki. Uwar ba ta nufi caji ofis ba, don mace ita kaɗai tana kuka a gaban teburin 'yan sanda, ciniki kawai za a yi da ita. Ta buga ƙofata, na tashi mai unguwa, shi ya aika gidan liman. Kafin hantsi mu biyar muna can da manyan riguna. Ba mu ɗaga murya ba. Muka gaisa, muka ce mun zo ganin ɗanmu, muna so mu ji laifin da aka rubuta masa, kuma ga malamin da yake koya masa ɗinki zai tsaya masa. Jami'in ya san cewa mutum biyar sun ga yaron da ƙafafunsa, ba rauni a jikinsa, saboda haka dole ya fito a haka. Da la'asar yana gida. Dokar ƙasa ta ce kada a riƙe mutum fiye da awa 48 ba a kai shi kotu ba, a 2019 kuma Kotun Ƙoli ta ce Asabar da Lahadi da ranakun hutu duk suna cikin lissafin, don a daina kama mutum ranar Juma'a a manta da shi sai Litinin. Muna koya wa yara wannan a majalisa kamar yadda ake koya musu alwala.

Kai a Kano kana cikin naka, sarki naka, alƙali naka, ɗan sandan ma sau da yawa yarenku ɗaya. Mu tsiraru ne a ƙasar Asantehene, wato sarkin Asante, Sarkin Zango kuma shi ne bakinmu a fadarsa ta Manhyia da gaban hukuma. Shi ya sa sarautar da wasu ke ganin ta ado ce, a wurinmu garkuwa ce. Babban Limamin ƙasa, Sheikh Usman Nuhu Sharubutu, ya haura shekara ɗari, amma in ya ce a yi haƙuri, yaron da ya ɗauki dutse zai ajiye.

Sai dai ba zan ɓoye maka ba, wannan haƙuri yana da tsada, kuma matasanmu sun fara faɗa mana a fuska. Suna cewa mu dattawa mun iya kashe wuta, ba mu iya bin haƙƙi har ƙarshe ba. Suna da gaskiya. A maganar mutum bakwai ɗin nan, diyya ta riga shari'a zuwa, iyalai suka yi ta kiran a gurfanar da waɗanda suka yi harbin. A Yunin 2021 a Ejura, bayan kisan Kaaka, wani ɗan fafutuka na garin, matasa suka fito zanga-zanga, sojoji suka buɗe wuta, mutum biyu suka mutu, aka sake kafa kwamiti. Sau da yawa muna cewa mun bar wa Allah tun ba mu rubuta ko takardar ƙorafi ɗaya ba, alhali hukumar kare haƙƙin ɗan Adam tana da ofis a garin nan. Yanzu in muka je beli ina sa ɗaya daga cikin yaranmu da suka yi boko ya rubuta rana, lokaci, sunan jami'i da lambarsa. Tun 2025 Muntaka ne ministan cikin gida, 'yan sanda na ƙarƙashinsa, kuma duk wanda ya ji muryarsa a 2018 yana jiran ya ga abin da zai yi da kujerar.

Game da abokinka, kada ku bar shi ya koma karɓar wayarsa shi kaɗai. Ku je da mai unguwarku da wani dattijo da ake jin nauyinsa, ya rubuta abin da aka karɓa a hannunsa da ranar da aka karɓa tun bai manta ba. Ka gaya mini yadda kuka yi. Ka gaishe da mahaifiyarka, ka ce mata goron da ta yi saƙo yana hanya.

Baffanka,
daga Aboabo, Kumasi