Manhajar kantina ta rikice: in gyara ko in sake sabuwa?

Tambaya: Ina da kantin sarin kayan masarufi a Gusau. Bara wani matashi ya haɗa mini manhajar lissafin kaya a kan naira 150,000. Yanzu lissafin katan-katan ba ya daidaita, shi kuma ya samu aiki, ya daina ɗaga waya. Wanda na kira ya duba ya ce ba ta gyaruwa, sai dai sabuwa, naira 700,000. Cutata zai yi?

Amsa: Alhaji, Allah ya ƙara buɗi. Kafin ka zarge shi, tambaye shi: ya ga ainihin rubutun kod ɗin, wato umarnin da aka rubuta aka gina manhajar da shi, ko manhajar da ke kan kwamfutarka kawai ya buɗe? Idan kod ɗin ya tafi da matashin, to gaskiya ya gaya maka, babu abin da zai kama ya gyara. Idan yana nan, ya zauna ya nuna maka inda ciwon yake.

Ga irin abin da nake zato. A ce katan ɗin sabulu guda 24 ne. Mai gaggawa sai ya rubuta 24 ɗin kai tsaye a wurin shigar da kaya, a wurin sayarwa, a rasit, a rahoton wata. Ranar da kamfani ya mayar da katan guda 20, sai a canja wuri biyu a manta biyu. Rasit ya ce kaza, sito ya ce kaza, kai kuma ka fara zargin yaran kanti alhali ba su ci ba su sha ba. Wanda ya san aiki wuri ɗaya yake ajiye adadin, sannan ya rubuta gwaje-gwajen da za su tona kuskure tun kafin ya iso hannunka. Wannan aikin ba ya fitowa a fuskar kwamfuta, shi ya sa mai saye ba ya son biyansa. A 1992 wani masanin manhaja mai suna Ward Cunningham ya kira irin wannan gaggawa cin bashi: ka samu biyan buƙata yau, amma kowane gyara na gaba sai ya fi na baya tsada.

Maganar farashi kuwa, araha ba ta ado. Ƙwararren mai rubuta manhaja yana iya zama a Tudun Wada ya yi wa kamfanin Legas ko na Turai aiki ta intanet, wani ma a biya shi da dala. Tun da Babban Bankin Najeriya ya saki farashin naira a watan Yunin 2023, tazarar da ke tsakanin biyan dala da biyan naira ta ƙara faɗi. Da waɗannan kamfanonin kake gogayya a kan lokacinsa. Ni ban ga laifin matashin farko sosai ba. Kuɗin ɗan koyo ya karɓa, kuma ba ku yi maganar wanda zai kula da manhajar bayan ya miƙa ta ba.

Duk da haka kada ka yi saurin amsa sabuwa. Kamfanin Netscape ya rushe burauzarsa, wato manhajarsa ta buɗe shafukan intanet, ya sake gini daga tushe, sabuwar ba ta fito ba sai 2000, lokacin kishiyarta Internet Explorer ta riga ta cinye kasuwa. Idan kod yana nan, biya wani na uku kuɗin yini ɗaya ya karanta ya faɗi ra'ayinsa.

In ta kama a sake, ku yi a rubuce. Kod ɗin naka ne, a ajiye shi da Git, manhajar adana kod da tarihin gyare-gyarensa, a asusun da ke da sunanka. Biya kashi-kashi, kowane kashi bayan ka gwada da kayan kantinka na gaske, kuma ku tsayar da kuɗin kulawa na wata-wata. Amma tun yau, kafin kowa ya taɓa kwamfutar nan, a fitar maka da bayanan kaya da na masu bashi zuwa Excel, a ajiye kwafi biyu a wurare daban.