Amsa ga Kawu kan masu ceto na bakin kogi

Assalamu alaikum 'yan uwa. Kawu, na saurari muryarka, inda ka ce ceton rai aikin Allah ne, in gwamnati ta sa kuɗi a ciki lada ya tafi. Ka yi haƙuri, ni ɗanka ne, amma a nan ban bi ka ba.

Ka tuna jirgin da ya kife kusa da Wara, a ƙaramar hukumar Ngaski ta jihar Kebbi, cikin watan Mayun 2021? Ya taso daga jihar Neja maƙil da mutane. Su wa suka fara faɗawa ruwa? Masunta ne, Sarkawanmu na bakin kogi. Mai nutsewa mintuna kaɗan gare shi, Kawu, ba zai jira mota ta taso daga Birnin Kebbi ba. Haka a Bagwai ta Kano a ƙarshen 2021, da yaran Islamiyya, haka a Patigi ta jihar Kwara a 2023.

Ni na ga mai nutso da idona. Ya fito bayan magariba, idanu jajur, jiki na rawa, kunne na zubar da jini. Daga shi sai gajeren wando da igiya a ƙugu. Man injin kwalekwalen ma bashi ya ciwo. Kwana uku yana neman gawarwaki bai jefa koma ba, gidansa ba cefane. Wallahi ban taɓa jin ya nemi ko sisi ba, kuma wannan ne ke ƙona min rai.

Ba albashi nake cewa a ba su ba, ka gane. Rigar ceto, tocila mai shiga ruwa, igiya mai kyau, jarkar fetur da za a ajiye a wurin Sarkin Ruwa don irin wannan rana. A koya musu yadda ake farfaɗo da wanda ya sha ruwa. In mutum ya ji rauni a kai shi asibiti, in ya rasu a duba marayunsa.

Hanya kuwa akwai. NEMA, hukumar ba da agajin gaggawa ta ƙasa, tana nan tun 1999, jihohi na da tasu mai suna SEMA, ga NIWA mai kula da hanyoyin ruwa. A rubuta sunayen masu nutso na kowace mashiga, a sa su cikin kasafi.

Ladan mai ceto yana ga niyyarsa, Kawu, rigar ceto ba ta rage shi. Ina roƙon mu rubuta wa ɗan majalisarmu na jiha kafin ruwan bana ya cika, kuma sunanka nake so ya zo a farko. Allah ya kiyaye mu.