Na haɗu da maciji a hanyar motsa jiki, me ya kamata in yi?

Tambaya: Ina fita tattaki bayan asuba a unguwarmu a Abuja. Makon jiya, gefen wata kwata, wani baƙin maciji ya ɗago kai ya fasa wuya a gabana. Na ranta a na kare. Shin daidai na yi? Kuma in da ya sare ni fa?

Amsa: Malam, Allah ya kiyaye gaba. Yadda ka siffanta shi, kumurci ne mai tofin dafi. Ganinsa cikin gari ba abin mamaki ba ne, musamman da damina: ruwa ya cika ramuka, kwata ta cika da kwaɗi, bola ta tara ɓeraye, ga kaji a gidaje. Abincinsa ya biyo.

Tserewar da ka yi ta fi ɗaukar sanda, amma abin da ya fi shi ne ka tsaya cak, ka kawar da fuska, sannan ka ja da baya a hankali. Fasa wuya gargaɗi ne. Wannan kumurcin yana feso dafi daga nisan mita 2 ko fiye, kuma ido yake nufa, don haka ko tabarau na rana kariya ne. In dafin ya faɗa a lafiyayyar fata, wankewa kawai za a yi. In ya shiga ido, a buɗe fatar idon a riƙa kwarara ruwa mai tsabta na minti 15, kada a murza, sannan a tafi asibiti, don yana iya cinye baƙin idon har mutum ya makance.

Wanda ya fi ban tsoro ma ba ya fasa wuya. Kububuwa, da ake wa laƙabi da gobe-da-nisa, da ƙyar take wuce rabin mita, launinta ya saje da ƙasa, kuma ita ce ta fi kashe mutane a arewacin Najeriya. In ta fusata sai ta naɗe tana goga jikinta, ka ji sauti kamar an ɗiga ruwa a mai mai zafi. Kasa kuwa ba ta gudu, kwanciya take har a taka ta. Saboda waɗannan biyun, a bar silifa a sa takalmi mai rufi da dogon wando, a riƙe tocila in da sauran duhu, a bi tsakiyar hanya maimakon ratsa ciyawa.

In sara ya auku, a matsa daga wurin, a cire zobe, agogo da takalmi kafin kumburi. A ɗora wa ƙafar ko hannun kara ko katako don kada ta motsa, a ɗauki mutum, kada ya taka. Ɗaure sama da saran tamau da igiya ko roba kuskure ne babba: yana tsayar da jini, naman ya ruɓe, wani lokaci har a yanke gaɓar. Tsaga da reza ya fi muni, domin dafin kububuwa yana hana jini daskarewa, sai wurin ya yi ta zuba. Tsotsa da baƙin dutse ba sa fitar da dafi, lokaci kawai suke ci. Don zafi a sha farasitamol. Asfirin da ibuprofen suna ƙara zubar jini.

A asibiti ana ɗibar jini kamar mililita 2 a zuba a busasshiyar kwalbar gilashi, a ajiye minti 20. In bai daskare ba, allurar kashe dafi ta zama dole. Ba kowane asibiti ke da ita ba, don haka a tambaya tun ana hanya. Asibitin saran maciji na Kaltungo a jihar Gombe ya shahara kan wannan aiki, amma mafi kusa da ke da allurar shi ne na zuwa.

Kada a tsaya farautar macijin don a kai wa likita. Hoto daga nesa ya isa, kuma kan maciji da aka datse yana iya sara.