Gado ɗaya, hali daban: ƙwayoyin asali na ɗan tayi

Tambaya: Malam, an koya mana cewa ƙwayoyin asali, wato ƙwayoyin da ke iya rikiɗa su zama kowane irin ƙwayar jiki, da aka raino daga ɗan tayi guda DNA ɗinsu iri ɗaya ne. To me ya sa a farantin raino ɗaya wasu ke rikiɗa, wasu kuma su tsaya yadda suke? Daga wata ɗaliba.

Amsa: Malama, kin taɓo inda gizo ke saƙar. Gadonsu ɗaya ne, amma ba kowace ƙwaya ce ke aiki da dukkan abin da ta gada a lokaci guda ba. Ƙwayar gado, wato yankin DNA mai ɗauke da umarnin wani aiki, ba ta aiki a miƙe. Takan kunnu ta yi aiki na ɗan lokaci, ta lafa, ta sake tashi. Idan kika leƙa faranti, a wata ƙwayar asali kin same ta a kunne, a maƙwabciyarta kuma a kashe.

Tun 1981 aka fara rainon waɗannan ƙwayoyi daga ɓera, na ɗan Adam kuwa sai 1998. Ƙwayar gadon da ta fi fito da wannan bambanci fili ita ce Nanog, wadda aka bayyana aikinta a 2003. A 2007 Ian Chambers da abokan aikinsa a Edinbura suka nuna cewa a ƙwayoyin ɓera Nanog hawa da sauka take yi. Ƙwayar da Nanog ɗinta ta yi ƙasa ta fi saurin rikiɗa, sai dai ba ta riga ta tafi ba, tana iya komowa. Wata ƙwayar gadon mai suna Oct4 kuwa, ita kusan kowace ƙwaya na riƙe da ita daidai wa daida.

Ƙwayar gadon da ta fi burge ni ita ce Zscan4. Kusan kashi 5 cikin 100 na ƙwayoyin ɓera ne kawai ke kunna ta a lokaci guda, amma sannu a hankali kusan kowace sai layi ya zo kanta, kamar adashi. A wannan ɗan lokacin ake gyara bakin zaren gadon ƙwayar da ta kunna ta, wato ƙarshen DNA ɗinta.

Sai dai a yi hattara. A 2008 ɗakin binciken Austin Smith ya zuba sinadarai biyu masu toshe aikin wasu furotin biyu na cikin ƙwaya, MEK da GSK3, a ruwan raino, wanda ake kira 2i, daga baya aka ga Nanog ta daidaita sosai a tsakanin ƙwayoyin. Ke nan ruwan da muke ciyar da su yana da hannu a wannan bambanci. Shi ya sa idan kika karanta sakamakon wani gwaji, ki fara duba a wane ruwa aka raine su, kuma ɗaya bayan ɗaya aka auna su ko a dunƙule.