Hukuncin harhaɗa jiragen sama na roba da matuƙin da ke cikin kwalin

Tambaya: Assalamu alaikum Malam. Ina harhaɗa ƙananan jiragen sama na roba, irin na kamfanonin Airfix da Revell da Tamiya masu ma'aunin 1/72 (wato jirgin gaske ya ninka su tsawo sau 72), ina kuma gyara tsofaffi a biya ni. Wani abokina ya ce duka haramun ne. A cikin kwalin akan sa ɗan mutum-mutumin matuƙi da ake fentawa a zaunar a kujera. Mene ne hukunci?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Jirgin kansa ba shi da rai, don haka harhaɗa shi da fenta shi da karɓar ladan gyaransa duk halas ne. Abokinka ya wuce gona da iri. Matsalar tana wurin abin da ka ambata a ƙarshe kamar ba komai ba, wato matuƙin. Siffa ce ta ɗan Adam mai inuwa, wato mai jiki ba zane a shafe ba, gaɓoɓinta sun cika, kuma roba ba ta ruɓewa. Waɗannan su ne sharuɗɗan da malamanmu Malikawa suke haramta sura da su, kamar yadda Shehu Dardir, malamin fiƙihun Malikiyya, ya yi bayani a babin walima.

Na san wasu za su ce maka ai ya yi ƙanƙanta. A ma'aunin 1/72 mutum bai wuce santimita biyu da rabi ba, kuma Hanafawa sun yi rangwame a kan ƙaramar surar da mai tsaye ba ya iya bambance gaɓoɓinta. Wannan hujja ba ta ɗauke ka ba. Rangwamen nasu a kan yin salla kusa da surar ne da ajiye ta, kamar wadda ke jikin kuɗi ko zobe, ba a kan yin ta ba. Nawawi ya faɗa ƙarara cewa yin surar haramun ne ko da a jikin dirhami ne. Sa'an nan kai da kanka kake warware hujjar: ka ɗauki buroshi mafi siriri, ka sa madubin ƙara gani, ka fito da fuska da tabarau, don mai kallo ya sunkuya ya ce kamar zai yi magana. Ba a ce wa irin wannan abin da ba a gani. Cewa kamfani ne ya zuba shi ma ba mafita ba ce, tun da kai ne ke manna hannuwan, kai ke ƙarasa kamannin. 'Yartsanar Nana A'isha kuwa rangwame ne ga yara, kai ko babba ne mai kayan ado a kabad.

Hanya mai sauƙi: ka bar kujerar ba kowa. Ka yanka siraran tef kamar milimita ɗaya ka yi ɗamarar kujera da su, ka sauke tayoyin, jirgin ya zama a ajiye yake a fili. Idan tayarsa ta uku a hanci take, ka cusa ɗan darma a hancin kafin ka haɗe gangar jikin, in ba haka ba zai zauna a kan wutsiya. In kuwa a sama kake son nuna shi a kan sanda, ka fesa wa gilashin fenti mai duhun hayaƙi daga ciki. Wanda ya kawo tsohon jirgi mai matuƙi, ka sanar da shi tun farko cewa za ka cire shi ko ka guntule kan. Zana layi a wuya bai isa ba, kuma hular kwano mai rufe fuska ita ma hukuncin kan mutum gare ta.

Akwai abin da ba ka tambaya ba. Sitikar jiragen Jamus tana zuwa da gicciye, wasu na Amurka na yaƙin duniya na biyu kuma da hoton mace tsirara-tsirara a hanci. Kada ka manna ko ɗaya. Jirgin Alpha Jet da Jamus ta yi aiki da shi sojojin saman Najeriya ma suna da shi, sai ka sa masa da'irar kore-fari-kore.

Tina da sifirit da kake narka fenti ko wanke tsohon fenti da su ba giyar sha ba ne. Abin da nake rinjayarwa ba najasa ba ne. Abin tsoro shi ne alwalarka. Sufa gulu da fentin mai suna bushewa a yatsa su zama ɓawo, ruwa ba ya taɓa fata, ka tashi da lam'a. Ka sa safar hannu, ko ka goge da abin cire jan farce kafin alwala, ka duba gefen farce da kyau. Sufa gulu ɗin ma kada ka kai shi kusa da gilashin jirgin, tururinsa yana sa shi fari fat. Farin gam na katako ya fi.

Ka yi feshi taga a buɗe da takunkumi, musamman da azumi. Reza da ƙananan sassa su yi nesa da yara. Kuma ɗan'uwa, kayan nan daga waje ake kawo su, da tsada. Kada ka sayi sabon kwali alhali uku na jiran ka, ko cefanen gida bai cika ba. In an kira salla ka rufe kwalbar gam ka tashi, ai dama fiffiken yana buƙatar lokacin kamawa.

Wallahu a'alam.