Amsa ga mai tambaya kan Burutus: maci amana ne ko jarumin ban tausayi?

Assalamu alaikum. Malama, kin tambaya ko Burutus na wasan Yuliyas Kaisar na William Shakespeare maci amana ne kawai da Kasiyas, wanda ya kitsa maƙarƙashiyar kashe Kaisar, ya zuga, ko kuwa shi ne jarumin ban tausayi na wasan, domin ɗalibanki sun ƙi yarda a kira mutumin da ya soki amininsa Kaisar, shugaban Rum, da wuƙa jarumi. Na daɗe ina koyar da wannan wasa, kuma wannan ƙorafi na sha jin sa a aji. Ban taɓa ɗaukarsa a matsayin rashin fahimta ba, don haka ina roƙonki kada ki yi saurin kawar da shi.

Cin amanar tabbas ne, kuma a tarihi ya fi yadda wasan ya nuna muni. Burutus ya yi yaƙi a ɓangaren Fomfi, abokin hamayyar Kaisar, a Farsalus ta ƙasar Girka a shekara ta 48 kafin haihuwar Annabi Isa, alaihissalam, aka ci su, Kaisar ya yafe masa, ya jawo shi jiki, ya ba shi muƙami. Bayan shekara huɗu, ranar 15 ga Maris ta shekarar 44, yana cikin waɗanda suka kashe shi. Shakespeare, wanda ya rubuta wasan wajen 1599 bisa tarihin da Fulutak, marubucin Girka na dā, ya bari, a fassarar Thomas North ta 1579, bai tsaya kan wannan afuwa ba, kuma ina ganin da gangan ne, domin da ya nanata ta da wuya mai kallo ya tausaya wa Burutus.

Inda na saba da yawancin amsoshin da ɗalibai suke rubutawa shi ne batun zugar Kasiyas. A kashi na ɗaya, fitowa ta biyu, Kasiyas ya ba da labarin yadda ya ceci Kaisar daga nutsewa a kogin Tayiba, da yadda zazzaɓi ya sa shi rawar ɗari a Sifaniya. Wannan duk maganar hassada ce, kuma idan aka lura Burutus bai kama ta ba. Tun kafin Kasiyas ya zayyana hujjojinsa, Burutus ne da bakinsa ya ce yana tsoron jama'a za su naɗa Kaisar sarki. Abin da Kasiyas ya yi shi ne ya gano inda mutumin yake da rauni, wato sunan gidansu da labarin kakansa da ya kori sarauta daga Rum, sannan ya sa aka jefa masa wasiƙun jabu da sunan talakawa.

Babbar zugar kuwa Burutus ne ya yi wa kansa, shi kaɗai da dare a lambunsa, a farkon kashi na biyu. A nan nake son ki daɗe da ɗalibanki, ku bi maganar jimla bayan jimla. Ya buɗe baki ne da hukunci, cewa babu makawa sai Kaisar ya mutu, daga baya ya shiga neman dalili. Ya amsa cewa ba shi da wani ƙulli na kansa a kan Kaisar. Ya amsa cewa bai taɓa ganin son zuciyar Kaisar ya rinjayi hankalinsa ba. Da ya rasa laifin da aka riga aka aikata, sai ya koma kan laifin da za a iya aikatawa, ya kwatanta Kaisar da ƙwan maciji da ya kamata a fasa tun bai ƙyanƙyashe ba. Sai bayan ya gama wannan ne yaronsa Lusiyas ya kawo masa wasiƙar da ya tsinta a taga, kuma wasiƙar ba ta ma cika magana ba, shi ne ya cike giɓin da abin da yake son ji. Duk lokacin da na sa ɗalibai su jera waɗannan abubuwa bisa yadda suka faru, masu cewa an yaudare shi sukan yi shiru, domin sun ga cewa alƙalin da ya yanke hukunci kafin sauraron shari'a shi ne Burutus, mutumin da duk Rum ta shaida da adalci.

Daga nan ake gane abin da ya sa masana suke kiransa jarumin ban tausayi. Aristotul, masanin falsafar Girka na dā, ya ce irin wannan jarumi ba mugu ba ne, ba kuma waliyyi ba, mutum ne mai daraja da kuskurensa ya kayar. Kuskuren Burutus daga nagartarsa ya fito: yana son ya yi kisa amma hannunsa ya kasance da tsabta. Shi ya sa ya hana maƙarƙashiyan yin rantsuwa, ya ƙi a kashe Antoni, na hannun daman Kaisar, yana cewa su masu yin hadaya ne ba mahauta ba, ya ba Antoni izinin yin jawabi a kan gawa, daga baya kuma ya nace a tafi garin Filifi a tari abokan gaba, wato rundunar su Antoni, maimakon a jira su. A kan Antoni da jawabin da tafiya Filifi, Kasiyas ya ja hankalinsa, kuma a kowannensu Kasiyas ne da gaskiya ta fuskar siyasa da yaƙi, amma ya sakar masa. Wanda ya fara a matsayin mai zuga ya ƙare yana bin wanda ya zuga har kabari, kuma wannan juyi yana cikin abubuwan da suka fi taɓa ni a wasan.

Jawaban jana'izar a kashi na uku su ne gwajin komai. Burutus ya yi magana a zube, a taƙaice, ya nemi a gaskata shi saboda mutuncinsa, ya ce ba don ƙarancin son Kaisar ya tashi ba sai don ya fi son Rum. Jama'a suka yi masa tafi, har wani ya ɗaga murya ya ce a mai da shi Kaisar, abin da ke nuna ba su fahimci dalilin kisan ba ko kaɗan. Burutus kuma ya tafi ya bar wa Antoni dandali. Antoni ya yi magana cikin waƙa, yana maimaita cewa Burutus mutumin kirki ne har kalmar ta koma zagi a kunnen jama'a. Ya ɗaga alkyabbar Kaisar yana nuna inda kowa ya soka, alhali ba ya wurin lokacin kisan, domin Tireboniyas, ɗaya daga cikin maƙarƙashiyan, ya janye shi gefe. Ya riƙe wasiyyar Kaisar yana ja musu rai, sai a ƙarshe ya bayyana cewa Kaisar ya bar wa kowane ɗan Rum kuɗi dirakma 75. Idan na sa ɗalibai suka kwaikwayi fitowar nan, waɗanda suka goyi bayan Burutus da farko sukan koma bayan Antoni suna ihu, sai na karanta musu abin da ya biyo baya: taron ya yayyaga Sinna mawaƙi don kawai sunansa ɗaya da na wani maƙarƙashi, kuma a farkon kashi na huɗu Antonin nan yana neman hanyar rage kuɗin wasiyyar.

Kada kuma a wanke Burutus fiye da yadda wasan ya wanke shi. A sansaninsu na Sardis, a kashi na huɗu, ya yi wa Kasiyas faɗa kan karɓar rashawa, amma a cikin faɗan yana ƙorafin cewa Kasiyas ya hana shi zinaren da zai biya sojojinsa, ba tare da ya tambayi daga ina zinaren ya fito ba. Har ya faɗa kan takobin da wani mabiyinsa, Sitirato, ya riƙe masa bayan an ci su a Filifi, bai furta cewa kisan kuskure ne ba; iyakar abin da ya ce shi ne bai kashe Kaisar da rabin yardar zuciyar da ya kashe kansa da ita ba. Ɗalibi na iya kafa hujja da wannan ya ce Burutus bai kai ga cikakkiyar farkawar da ake nema ga jarumin ban tausayi ba, kuma ni ina ba irin wannan amsa maki mai kyau idan an kawo shaida.

Game da yabon da Antoni ya yi masa a ƙarshe, cewa shi ne mafi daraja a cikin Rumawan nan duka, domin shi kaɗai ya yi don amfanin jama'a ba don hassada ba, ɗalibai suna yawan rufe amsarsu da shi kamar hukuncin marubucin ne. Shaida ce mai nauyi, tun da daga bakin abokin gaba ta fito. Amma ki tuna musu cewa mai maganar shi ne wanda ya taɓa tsayawa kan wata gawa ya juya zukatan gari guda, kuma yanzu yana yabon wanda ba zai ƙara tsare masa hanya ba. Su kawo yabon, su kuma faɗi wanda ya yi shi da lokacin da ya yi shi.